Tankin da ba shi da takarda

Duk ranar da na ɗora hoton ƙaramin jirgin sama a nan sai an samu mai cewa, "wannan akwalar ai ta girmi babana, wa zai shiga?" To yau malaminmu bai zo ba, kuma ina da data. Ku gyara zama, zaren da ɗan tsawo. 🧵

Tsufa kaɗai ba ya hana jirgi tashi. Tun 1956 ake ƙera Cessna 172, an fitar da sama da 44,000, kuma da yawa cikin waɗanda aka ƙera kafin a haifi iyayenmu suna aiki har gobe. Piper Cub J-3 da aka daina ƙerawa a 1947, har yanzu akwai masu yawo da ita a Amurka ranar hutu kamar yadda kake ɗaukar mashin ka zaga gari.

Abin da ya fi ajiye tsohon jirgi a ƙasa shi ne takarda. Na san yadda wannan maganar take sauka a kunnen ɗan Najeriya. Mu da muka sha "kawo fotokofi uku da fasfo huɗu, ka dawo ran Litinin", in aka ce takarda sai mu ji ana nufin wahalar banza. Ku bari in ba ku labarin tanki ɗaya tukuna.

Ga waɗanda ba su san ni ba: injiniyancin kanikanci nake karantawa, bara na yi SIWES na wata shida a wani garejin gyaran ƙananan jirage a nan Arewa. Ba zan faɗi sunan wurin ba, kar ma ku tambaya a DM. Babana kuma bakaniken mota ne, ya fi shekara talatin yana wannan sana'a a Kaduna. Cikin warin fetur na tashi, ina tunanin babu abin da za a gaya min a kan tanki.

Da farko dai, a yawancin ƙananan jirage mai a cikin fiffike yake zama. Kuma tankin kala uku ne.

Akwai na alminiyam, kamar na mota, wanda za a iya kwance shi a ciro. Tsofaffin Cessna 150 da 172 irinsa suke da shi. Ita Cub ma ba a fiffike nata yake ba, a hanci yake, gaban matuƙi, galan 12 kacal. Gejinta kuwa wata waya ce da aka soke a jikin totuwa mai yawo a saman mai, ta leƙo ta murfin tanki. Waya ta yi sama, akwai mai. Ta nutse, ka nemi fili. Shikenan fasahar. 😂

Akwai wanda fiffiken kansa ne tanki: an bi duk haɗin ƙarfe da kan ƙusoshi an liƙe da wani baƙin danƙo mai wari, sai a zuba mai kai tsaye. Jiragen Mooney haka suke. In danƙon ya tsufa ya fara tsagewa, kankare shi aiki ne na makonni.

Sai na uku, wanda a kansa zaren nan yake: tankin roba. Wanda ya taɓa ganin salka a ƙauye ya gane shi. Jaka ce ta roba mai kauri da ake cusawa cikin fiffike ta wata 'yar ƙofa, a buɗe ta a ciki, a maƙale samanta da wasu maɓallai don kar ta faɗo. Cessna 182 irin wannan take da shi tun daga farko har zuwa ƙirar 1978, daga 1979 aka koma ɗaya salon.

Jirgin da ya ci mana rabin SIWES ɗina 182 ce ƙirar 1975. Wani Alhaji manomi ya sayo ta daga Amurka, aka cire fikafikan aka zubo ta a kwantena. Yana da gonaki a jihohi biyu kuma hanyar da ke tsakani kun san halin da take ciki, ba sai na faɗa ba. Aikinmu mu haɗa ta, a bincike ta, ta bar lambar N ta Amurka ta koma 5N ta Najeriya, hukumar NCAA ta ba ta shaidar cancantar tashi.

Fenti sabo fil. Kujeru an sake musu fata. Injin Continental mai ƙarfin doki 230, bai daɗe da fitowa daga babban gyara ba. Mu 'yan SIWES muna ta ɗaukar hoto.

Shi kuwa Ogan namu ko kallonta bai yi ba. Dattijo ne, a kwalejin Zariya ya yi karatu, wadda aka kafa tun 1964, kuma yana da wani biro a aljihun gaba da ba ya ara wa kowa. Kwalin takardu ya nufa. Ya ce min, "'Yata, zo ki zauna. Yau ba za ki taɓa sifana ba."

Kwana huɗu muna karatu.

Kowane jirgi yana da littafin tarihinsa: na gangar jiki daban, na inji daban, na farfela daban. Duk wanda ya yi aiki a jikinsa dole ya rubuta abin da ya yi, da kwanan wata, ya sa hannu, ya rubuta lambar lasinsa. Wannan doka ce, a Amurka tana cikin sashe na 43 na dokokin hukumar FAA, kuma namu ƙa'idojin na NCAA kusan a kan layi ɗaya suke tafiya.

Jama'a, ban taɓa zaton littafin gyara zai taɓa min zuciya ba. Rubutun hannu ne tun 1975. Wani da tawada shuɗiya, rubutunsa a kwance kamar na malaman firamare na da. Shi ya riƙe jirgin shekara goma sha ɗaya, duk shekara ga sa hannunsa. Kana gani rubutun ya fara rawa, ya fara girma, sai wata shekara kawai ka ga hannun wani. Mutumin da bai san akwai gari mai suna Kaduna ba, amma ga ni zaune ina dogara da maganarsa cewa ya ɗaure wani noti a 1981.

Abin da Oga yake nema a ciki shi ne AD. Bari in yi bayani, don nan ne zuciyar maganar.

Idan aka gano wata matsala tana maimaituwa a wani samfurin jirgi, kamfanin da ya ƙera shi yakan fitar da sanarwar shawara. Idan abin ya kai ga barazana ga rai, sai hukuma ta mayar da shi umarnin dole. Shi ne AD. Kuma jirgi ƙirar Amurka ko ina ya je a duniya umarnin yana biye da shi, canja lamba zuwa 5N ba ya wanke shi.

A 1984 FAA ta fitar da AD 84-10-01 a kan Cessna masu tankin roba, irinsu 180, 182, 185, 206, 210. Dalili: injina suna mutuwa jim kaɗan bayan tashi, a je a duba a tarar da ruwa a kafireta, alhali matuƙin ya tsiyaye tanki kafin ya tashi kuma bai ga ruwa ba.

Ga yadda abin yake. Ruwa ya fi fetur nauyi, litar man jirgi wajen giram 720 ce, ta ruwa 1,000. Don haka ruwa ƙasa yake kwanciya. Shi ya sa aka yi wani ɗan famfo a wuri mafi gangare na tanki. Kafin kowane tashi matuƙi zai tara ɗan kofi mai haske ya tsiyayo kaɗan ya ɗaga a rana. Man waɗannan jirage, 100LL, shuɗi ne mai haske. In da ruwa za ka gan shi a ƙasan kofin kamar ƙwallayen gilashi.

To amma ƙasan tankin roba ba koyaushe yake kwanciya sumul ba. In ba a shimfiɗa shi da kyau ba, ko ya tsufa, sai ya tattare ya yi kunya-kunya kamar gona. Ruwa ya kwanta a bayan kunyar, bai isa famfon ba. Ka tsiyaya, ka ga shuɗi tas, ka ce alhamdulillahi. Kana ɗaga hancin jirgi sama sai ruwan ya tsallake kunyar ya bi bututu. A lokacin kana saman bishiyoyi da rufin gidajen mutane, ba ka da tsayin da za ka juyo.

Umarnin ya ce a duba murfi ko yana shigar da ruwan sama, a leƙa ciki a nemi tattarewa, a gyara. Inda ba a kawar da ita ba, sai a manna wa matuƙi sanarwa a gabansa: ya danna wutsiya ƙasa, ya girgiza fikafikai sama da ƙasa aƙalla sau 12, ya sake tsiyaya, har sai ruwa ya daina fitowa. Ka ga babban mutum da rigar matuƙa yana jijjiga jirgi kamar mai kaɗa mangwaro. Ba wasa yake ba.

Mun samu shafin. 1984, mai shuɗiyar tawada ya rubuta ya yi binciken a tankuna biyu, ya sa hannu. Muka ci gaba. 1998, an canja tankin hagu, ga lambar kayan, ga takardar shaidarsa an maƙale da sitefula, an sake dubawa babu tattarewa. Lafiya lau.

Tankin dama kuwa shiru. Daga 1984 har shafin ƙarshe babu wanda ya ambace shi.

Na ce, "Oga, ai kenan na asali ne, ba a taɓa shi ba." Ya ce, "Haka littafi ya ce. Mu je mu ji me tankin zai ce."

Aka buɗe 'yar ƙofar saman fiffiken dama, ya sa madubi da tocilan ta musamman wadda ba ta tartsatsi. A jikin robar akwai hatimin kamfani da watan da aka yi ta. Shekarar ta fi jirgin ƙuruciya nesa ba kusa ba, ta ma zo bayan binciken 1984. Ga kuma faci a kusurwa, mai faɗin tafin hannu.

Wato wani ya cire tankin asali, ya sa wani, wani kuma ya yi masa faci, babu wanda ya rubuta ko layi ɗaya.

Canja tanki da irinsa, rubutu a littafi ya wadatar. Amma gyaran tankin mai, dokar Amurka ta lissafa shi cikin manyan gyare-gyare. Ana cike masa fom na musamman mai lamba 337, a ba mai jirgi kwafi, a aika wa FAA kwafi cikin awa 48, su adana a ofishinsu na Oklahoma City. Kowane jirgi da fayil ɗinsa a can, kuma kana iya nema a turo maka. Oga ya nema. Aka turo. Akwai fom na rediyo, akwai na wani gyaran wutsiya. Na tanki babu.

Ran da Alhaji ya zo ina tsaye a gefe riƙe da tire na noti.

"Injiniya, tankin nan yana yoyo ne?"

"Ba ya yoyo, ranka ya daɗe."

"Ya fashe?"

"Bai fashe ba."

"To mene ne laifinsa?"

"Ban san shi ba, Alhaji. Ban san wa ya sa shi ba, ban san daga jikin wane jirgi aka ciro shi ba, ban san da wane gam aka yi facin ba. Binciken da ke littafi na wani tanki ne da ba ya nan yanzu."

Kar ku ɗauka Alhajin mugu ne. Mutumin kirki ne, duk zuwansa sai ya yi mana alheri. Ya kashe kuɗi masu yawa, dala tana ta hawa, ga damina ta kama. A idonsa ga jirgi lafiyayye, wani dattijo ya hana shi saboda layi uku da wani Bature ya manta bai rubuta ba. Ku faɗi gaskiya, da ku ne me za ku ji?

Wanda ya fi ba ni tausayi shi ne matuƙin da ya ɗauka. Muna ce masa Kyaftin don tsokana. Sa'an yayana ne. Iyayensa sun sayar da fili ya yi karatun tuƙi, ya fito da awa ɗari biyu da 'yan kai, ya shekara uku a gida saboda kamfanoni masu awa da yawa suke nema, awar kuma ba ta taruwa sai kana tashi. Wannan 182 ɗin ita ce ƙofarsa. Kullum yana garejin tun safe, har wanke ta yake yi da kansa.

Shi ya ja Oga gefe ya ce, "Baba, ni zan tuƙa ta. Wallahi zan riƙa tsiyaya sosai, sau nawa kake so?"

Oga bai yi masa musu ba. Jirgin ya kwana biyu a waje da mai a ciki saboda gwajin inji, an kuma yi ruwa. Ya miƙa masa kofi ya ce tsiyaya. Ya tsiyaya, shuɗi tas. Ya ce ƙara. Ya ƙara har sau uku. Babu ko ɗigo.

Sai aka juye man duka a duro, aka buɗe sama. Ya ba shi madubin ya ce leƙa. Wata doguwar kunya ta ratsa ƙasan tankin daga gefen facin. A bayanta ga abu kwance yana ƙyalli. Muka zuƙe shi da sirinji muka zuba a kofi. Ya kai rabin kofin shayi, ruwa zalla.

Kyaftin ya daɗe yana kallon kofin. Bai ce komai ba, ya fita ya zauna a kan wani tsohon taya har aka kira la'asar.

Daga ina ruwan yake zuwa? Hanya uku. Tsohon murfi mai kwanciya daidai da fatar fiffike, wanda in zoben robarsa ya bushe ruwan sama yake taruwa a kansa ya tsiyaya ciki, irinsa ne a jirgin. Sai raɓa, in an bar tanki rabi iska mai laima tana shiga tana fita. Sai kuma man kansa. A nan 100LL wahalar samu gare shi, a duro ake kawo shi daga waje, duron ya yi wata da watanni a ajiye. Tsadarsa da ƙarancinsa na cikin abin da ya sa kwalejin Zariya ta koma sayen jiragen Diamond masu shan Jet A-1, man manyan jirage.

Kuma ba ƙananan jirage kaɗai ba. Kun tuna bidiyon Yola na watan Yulin 2023, da ake ta tsiyayar ruwa daga tankin Boeing 737? Allah ya taƙaita a ƙasa aka gano.

Na ga wani ya tambaya me ya sa ba za a zuba mata fetur ɗin mota ba kawai. Alhaji ma ya yi wannan tambayar. Ana yi. Tun 1982 FAA ta fara amincewa da shi a Cessna 150, kuma injin wannan 182 yana cikin waɗanda za su iya sha. Amma sai ka sayi takardar izini ta musamman mai ɗauke da lambar jirginka, a manna sanarwa a bakin tanki, a rubuta a littafi. Sharaɗinta kuma: kar man ya zama da giya a ciki, wato etanol ko metanol, don suna cin roba, suna kuma haɗiye ruwa su ɓoye shi. To ku tuna Fabrairun 2022, lokacin da aka shigo da fetur mai metanol fiye da ƙima, motoci suka yi ta mutuwa a Legas da Abuja. Oga ya ce shi dai ba da bironsa ba.

Akwai gwaji mai sauƙi da ya koya min, har Baba na koya wa. Zuba ruwa kaɗan a kwalba mai haske, ka yi alama a inda ya tsaya, ka cika da fetur, ka girgiza, ka ajiye. In ruwan ya haura alamar, akwai giya a man.

Tunda na ambaci Baba. Ran Asabar na je gida na ba shi labari duka, ina jiran ya jinjina. Yana cin tuwo ya ce, "Ke, takarda tana toshe yoyo?"

Na ce a'a.

Ya ce, "Tankin mota ya huje a daji, sabulu nake goga masa ya kai ni gari. Famfon mai ya mutu, jarka nake ɗaurawa a sama in ja tiyo zuwa kafireta. Shekara talatin ban rubuta komai ba, wa ya taɓa dawo min da aiki?"

Kuma gaskiyarsa. Babana bai taɓa riƙe littafi ba saboda shi ne littafin. Mota ta shigo, daga ƙarar inji zai ce ta wane ce, ya gaya maka yaushe ya canja mata kuloci, da wanda ya taɓa ta a bayan idonsa. Masu motar unguwa ɗaya suke da shi, masallaci ɗaya. In ya yi algus, gobe da asuba za su haɗu.

Abin da na ce masa shi ne, jirgin nan ya fi duk wanda ya taɓa gyara shi tsawon rai. Ya wuce hannun masu shi biyar, ya ƙetare teku. Wanda ya yi facin nan ba za mu taɓa haɗuwa da shi a masallaci ba. Wataƙila ma gwani ne, wataƙila facin ya fi na kamfani ƙarfi. Amma bai bar mana hanyar da za mu sani ba, kuma Kyaftin ne zai hau.

Baba ya yi shiru, ya ce, "Kuma ba a fakawa a gefen titi." Daga nan ya koma maganar kuɗin makaranta. Wanda ya san babana ya san wannan babbar amincewa ce.

Wani abu da zai ba ku dariya amma yana kisa: zanzaro. E, wannan ƙwaron mai gina ɗakin laka a bango. Tanki yana da bututun numfashi, a 182 yana ƙarƙashin fiffiken hagu, bayan sandar da ta tallafe shi. Mai yana fita, iska tana shiga ta maye gurbinsa. Zanzaro yana ganin ramin sai ya ga gida kyauta. In hanyar iska ta toshe, tankin roba sai ya tsuke kamar ledar fiya wota da kake zuƙa, maɓallan su ɓalle, ƙasan ya taso ya tura abin geji sama. Geji yana nuna maka akwai mai, tanki kuwa ya kusa ƙafewa. Shi ya sa aka koma murfi mai numfashi a matsayin hanya ta biyu, shi ya sa kuma Oga ba ya yarda da geji sai ya tsoma sanda ya gani da idonsa.

Zafinmu ma ba ya raga wa roba. Tankin da aka bari babu mai a ranar Afrilu, samansa bushewa yake ya tsattsage. Ƙa'idar ita ce a bar shi cike, in kuma zai daɗe babu mai a shafe cikinsa da man inji kaɗan. Yoyo kuwa ba ya ɓuya: man ya bushe, launin ya zauna, sai ka ga tabo a ƙarƙashin fiffike kamar an ɗiga bula a farar riga.

Ƙarshe dai Alhaji ya sa aka yi odar sabon tanki da sababbin murafe masu rufe baki kamar lema. Sati tara muna jira. Sati taran nan Kyaftin bai ƙara ko minti ɗaya a littafin awanninsa ba, kuma wani aiki da ya so nema a lokacin ya wuce shi saboda awa ba ta kai ba. Ban manta wannan ba, kuma ba na so a ba da labarin kamar kowa ya ci riba.

Ran da kwalin ya iso, Oga ambulan ya fara buɗewa kafin kayan. Takarda ce guda mai lamba 8130-3, shaidar cewa kayan daga inda aka amince ya fito. Ya gwada lambar da ke takarda da wadda ke jikin roba, harafi bayan harafi, ni ina karantowa yana bi da yatsa. Ya ce da ba ta zo ba, ko tankin yana ƙamshin sabunta, a kan kanta zai kwana.

Nan kuma ranata ta zo. Ƙofar da ake cusa tankin ƙarama ce, kuma maɓallan can ciki suke. Duk mazan garejin damtsensu ya yi kauri. Oga ya dube ni ya ce, "'Yata, naɗe hannun riga."

Muka shanya robar a rana ta yi laushi, muka bi duk kan ƙusa da kaifin ƙarfe na cikin fiffiken muka rufe da tef, muka naɗe ta kamar tabarma muka tura. Sauran aikin da lalube ake yi. Ina kwance a kan tsani, kumatuna a jikin fiffike, hannuna ya shige har kafaɗa, ina neman ramin maɓalli da ɗan yatsa. Kowanne ya shiga sai ka ji ɗan "ƙas". Oga yana ƙirgawa. Sannan na bi ƙasan da tafin hannu ina shafawa daga tsakiya zuwa gefe, ya leƙa da madubi ya ce sake, na sake, ya ce sake. Kwana biyu. Sati guda hannuna yana da shatin ƙofar, Mama ta ɗauka faɗuwa na yi.

Aka zuba mai kaɗan-kaɗan ana auna sanda da geji, aka cika, aka bar shi ya kwana, aka duba babu tabo, aka gwada gudun mai zuwa inji.

Sannan ya ciro biron. Layi bakwai ya rubuta: an cire tanki kaza, an sa kaza mai lamba kaza, bisa littafin gyara babi kaza, an duba tattarewa bisa AD 84-10-01 babu, an gwada yoyo babu. Kwanan wata, sa hannu, lambar lasi. Sunana ba ya ciki kuma bai kamata ya shiga ba, ba ni da lasi. In abu ya faru shi za a nema, ko bayan shekara ashirin.

('Yan SIWES masu cike littafin wata shida a dare ɗaya a kai wa wani ya buga hatimi, ban kama suna ba. 👀)

Baba ya aiko in roƙo masa tsohon tankin, wai robar za ta yi masa amfani a gareji. Na faɗa wa Oga. Ya ce to, amma a bari ya gama da shi. Ya ɗauko almakashin yankan kwano ya yanke wurin hatimin, ya huda bakin, ya raba robar gida huɗu, don kar wata rana ta zaga ta dawo kasuwa wani ya saye ta da arha ya cusa a fiffike. Ya zuba guntayen a buhu ya ce in gaida Baba.

Yanzu ɗaya yana ƙarƙashin batirin wata Golf, ɗaya kuma Baba yana durƙusawa a kai in zai shiga ƙarƙashin mota.

Masu tambayar yadda ake samun lasin gyaran jirgi a Najeriya da shekara nawa yake ɗauka, na ga saƙonninku. Caji na ya kai kashi huɗu, sai an kawo wuta.